Sayen Babur Na Hannu A Kaduna: A Duba Takarda Kafin A Tayar Da Inji

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya rikice wa magidanta a Kaduna. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Ma'aikata da yawa suka ajiye motocinsu a gida suka lulluɓe da tamfol, suka shiga neman babur. Shi ma babur ɗin bai tsaya jiransu ba. Dala ɗaya da ake canzawa a kan naira 460 da 'yan kai ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma da yake mafi yawan baburan da muke hawa daga Indiya da Sin ake shigo da su a kwali a haɗa a nan, sabon Boxer da shekarun baya ake samu a kan dubu ɗari biyu da wani abu ya zarce miliyan ɗaya. Malamin firamare da ke kwana a Rigasa yana koyarwa a Unguwar Sarki ba shi da miliyan. Haka tela a Kasuwar Barci, haka saurayin da ya gama makaranta yana neman abin da zai rufa wa kansa asiri. Abin da ya rage musu shi ne na hannu.

Ka tsaya duk inda dillalai suka jera babura a bakin titi, Kawo ne ko Mando ko Tudun Wada, ka kalli yadda ake ciniki. Mai saye zai zo da bakanikensa. Za a tayar da inji, a murɗa totur, a kara kunne, a sa tafin hannu a bakin salansa, a zaga da shi layi biyu a dawo. Ana iya share awa guda a kan wannan, a ƙara wata a kan tayi da albarka. Sai an sallama, kuɗi na shirin fita daga aljihu, sannan wani ya ce, "Af, ina takardun?" Dillali ya zaro wani rasit da ya sha ninki, a dube shi sama-sama, a ce ba komai. A ganina mun juya abin a baibai. Injin da ya gaji kuɗi kawai zai ci maka, kuɗin da ka san iyakarsu: fistin da zobe, ladan bakanike, a wuce wurin. Babur ɗin da asalinsa ke da matsala kuwa zai cinye kuɗin gaba ɗaya, ya haɗa da mutuncinka, ya kwanar da kai a bayan kanta.

Dokar ƙasa da shari'ar Musulunci sun haɗu a kan ƙa'ida ɗaya a nan: wanda bai mallaki abu ba, ba shi da ikon mallaka wa wani shi. Ɓarawo ya sayar wa na farko, na farko ya sayar wa na biyu, har abu ya zo hannunka kai na biyar da kuɗinka na halal, duk wannan bai kankare haƙƙin mai shi na asali ba. Malaman Malikiyya sun yi wa mas'alar babi guda, babin istihƙaƙi, yana cikin Muhtasar na Halil da Tuhufa ta Ibn Asim waɗanda alƙalanmu ke aiki da su. Idan mai babur ya zo kotun Magajin Gari da rasit ɗinsa da shaidunsa ya tabbatar nasa ne, a hannunka za a karɓa a ba shi. Kai kuma a ce ka bi wanda ya sayar maka ka karɓi kuɗinka. Nan ake yin ta. Wanda ya sayar maka ɗin, ka san gidansa? Ko lambar waya ce kawai gare ka, wadda tun daren da aka yi ciniki take a kashe?

Wannan ɓangaren asarar dukiya ke nan. Akwai ɓangaren laifi. Kundin hukunta laifuffuka da Arewa ke aiki da shi tun 1960, wanda Jihar Kaduna ta sabunta nata a 2017, ya ɗauki karɓar kayan sata a matsayin laifi mai zaman kansa, mai kai mutum gidan yari. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ba lallai sai an tabbatar ka san na sata ne ba. Ya wadatar a nuna kana da dalilin da zai sa mai hankali ya yi zaton haka. Babur ɗin da kowa ya san kasuwarsa ta kai dubu ɗari bakwai an sallama maka a dubu ɗari uku. Babu ko takarda ɗaya. An ce ka zo bayan isha'i a wani lungu. An goge lambar inji. Kowanne daga cikin waɗannan hujja ce da mai gabatar da ƙara zai ɗora a kanka, kuma "Wallahi ban sani ba" ba ta cika yin nauyi a gaban alƙali ba idan arahar da kanta ta isa ta sanar da kai.

Ina so in daɗe kaɗan a nan, domin abin ya wuce batun kai da aljihunka. Duk mazaunin Kaduna ya san labarin ɗan achaɓar da aka tsayar da magariba, aka ce ya kai mutum bayan gari, washegari aka tsinci gawarsa ko aka same shi a sume an rotsa masa kai, babur ya tafi. Galibinsu samari ne da suka baro ƙauye, wasu ma babur ɗin ba nasu ba ne, balas suke kai wa mai shi kullum. Wanda ya ɗauki makami ya yi wannan aika-aika ya yi ne saboda ya tabbata akwai mai saye da ba zai yi tambaya ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ga kuma daji. 'Yan bindigar da suka addabi Birnin Gwari da Giwa da Chikun a kan babura suke kai hari, har ta kai suna sa babur cikin kuɗin fansa. Iyayen ɗaliban Jami'ar Greenfield da aka sace ranar 20 ga Afrilun 2021 sun shaida wa manema labarai cewa bayan miliyoyin da suka tara, sai da suka haɗa da babura kafin a sako sauran 'ya'yansu a ƙarshen Mayu. A watan Nuwamban shekarar Jihar Neja ta hana sayar da wasu nau'o'in babura saboda wannan dalili. Kasuwar da babur ke sauya hannu babu suna babu takarda ita ce ke ciyar da duk wannan, kuma mai saye ne kaɗai ke da ikon rufe mata baki ba tare da ya jira gwamnati ba.

Sai dai adalci ya sa a faɗa: ba kowane babur marar takarda ne na sata ba. Dubban mutane sun sayi sabo a kwali, ba su taɓa yi masa lamba ba, rasit ɗin kuma ruwan sama ya jiƙa shi ko ya ɓace garin tashi daga gidan haya. Mutumin kirki ne, matsuwa ta sa zai sayar, ko haihuwa aka yi masa ko kuɗin makaranta ya taso. Shi ya sa nake ganin binciken farko a kan mutum ya kamata a yi shi, kafin takarda ma. Wane ne shi, a wace unguwa yake, wa ya san shi da wannan babur ɗin, tun yaushe? Mai gaskiya ba ya jin nauyin ya kai ka ƙofar gidansa, maƙwabta su ce ai shekara uku ke nan muna ganinsa a kai. Ba ya ƙin ka ɗauki hoton katinsa na ɗan ƙasa. Idan ya tuna shagon da ya saya, ku je tare, domin manyan diloli kan ajiye kwafin rasit da lambobin abin da suka sayar. Wanda kuwa ka ce ku je gidansa ya fara cewa "Alhaji, sauri nake, akwai wanda ya taya zai zo yanzu," ka bar wa wancan ɗin.

Akwai takardu biyu da ake yawan rufe bakin mai saye da su: takardar rantsuwa ta kotu cewa takardu sun ɓata, da takardar rahoton ɓata daga ofishin 'yan sanda. Dukansu halattattu ne kuma ana buƙatarsu. Amma a gane abin da suke cewa. Suna cewa wane ya zo ya faɗi kaza, aka rubuta. Ba sa tabbatar da cewa abin da ya faɗa gaskiya ne. Amfaninsu shi ne sun ɗaure mai sayarwa da sunansa da hotonsa, idan ƙarya ya yi ya ƙara wa kansa laifi. Don haka sai sunan da ke jikinsu ya zama na mutumin da ke tsaye a gabanka, kuma lambobin da ke ciki su dace da na jikin babur.

Sannan akwai baburan da ba sato su aka yi ba, amma wanda ke riƙe da su ba shi da ikon sayarwa. Na farkonsu shi ne na biya sannu-sannu. Mai kuɗi ko kamfani ya sayi babur ya ba yaro, yana biya duk mako har ya kammala ya zama nasa. Dokar irin wannan ciniki ta 1965 ta fayyace cewa abin yana nan a matsayin na mai bayarwa har sai an biya kason ƙarshe. Yaro ya biya rabi, rayuwa ta yi masa zafi, ya sayar ya gudu. Irin waɗannan baburan akan ɓoye musu na'urar bin sawu a cikin wayarin, wasu har ana iya kashe su daga nesa, sai ka wayi gari masu shi sun yi sallama a ƙofar gidanka da ɗan sanda. Haka babur ɗin gado da ba a raba ba, wani daga cikin magada ya fitar da shi a ɓoye. Haka wanda aka jinginar a kan bashi. Baburan tallafi da 'yan siyasa ke rabawa sau da yawa rasit ɗaya ne na gaba ɗayansu, yana hannun wanda ya yi kwangila, don haka sai ka nemi takardar da ta nuna an ba wane wannan babur mai lamba kaza. Wanda aka ce gwanjon hukuma ne, to gwanjo yana da takardarsa mai hatimi da rasit na biyan kuɗi. Wanda aka tsallako da shi daga Nijar ko Jamhuriyar Benin kuma yana buƙatar shaidar biyan kuɗin kwastan, kuma kada a manta a nan Kaduna hedikwatar rundunar kwastan mai sintiri ta wannan shiyya take.

Yanzu sai lambobi. Kowane babur yana da guda biyu da kamfani ya buga a jikin ƙarfe: lambar firam, wadda galibi take a wuyan babur ƙarƙashin kai, da lambar inji a gefen injin daga ƙasa. A sa tsumma da ɗan fetur a goge wurin, a haska da fitilar waya, a karanta harafi bayan harafi ana gwadawa da takarda. Kada ka bari dillali ya karanto maka kai kana duba takarda. Ka karanta duka biyun da idonka. Lambar firam ta zamani haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta saboda kada a rikita su da 1 da 0. Baburan Indiya galibi da M suke farawa, na Bajaj da MD2, na TVS da MD6, na Sin kuma da L. Bugun kamfani a jere yake, zurfinsa ɗaya, tazararsa ɗaya. Idan ka ga wani harafi ya karkace ko ya fi 'yan'uwansa zurfi, ko wurin ya yi santsi kamar an bi shi da zarto, ko an shafa sabon fenti a wuyan kaɗai, ko akwai alamar walda a kewayen lambar, ciniki ya ƙare. Ba a neman ragi a kan wannan, tafiya ake yi.

Wani lokaci lambar firam za ta dace, ta inji ta saɓa, a ce maka ai inji ne ya buga aka sauya. Yana faruwa, kuma a Panteka da sauran kasuwannin kayan gyara ana sayar da injuna na halal kullum. Amma wanda ya sayi inji na halal yana da rasit ɗinsa mai ɗauke da lambar. In babu, ka sani kana iya hawa firam mai tsabta da injin wani bawan Allah da ke nemansa.

Idan babur ɗin yana da lambar gwamnati, aikinka ya yi sauƙi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana da shafin intanet na tantance lambobin ababen hawa, za ka shigar da lamba ya nuna maka ko tana cikin rajista da kuma irin abin hawan da aka ba wa ita. Lambar da aka yanka a gefen titi ba za ta fito ba, wadda aka ciro daga wani babur kuma za ta nuna wani abu daban. Haruffan ƙaramar hukuma ma suna magana: DKA na Kaduna ta Arewa ne, MKA na Kaduna ta Kudu. Launin rubutun shi ma haka, shuɗi na mai zaman kansa ne, ja na haya. Wanda ya rantse maka daga gida sai ofis yake zuwa da shi alhali lambarsa ja ce, ka san yadda za ka auna sauran maganarsa. Rundunar 'yan sanda kuma tana da rajistar ababen hawa da ta mayar kan intanet a ƙarshen 2022, inda ake shigar da rahoton waɗanda aka sace, kuma babu abin da ya hana ka da mai sayarwa ku je caji ofis mafi kusa, Kawo ko Malali ko Unguwar Rimi, a duba lambobin. Iyakar wannan binciken ita ce yana kama abin da aka kai rahoto ne kawai, kuma da yawan waɗanda aka sace wa babur ba su taɓa rubuta lambar firam ɗinsu ba balle su bayar. Rashin ganin suna a jerin na sata bai wanke babur ba, sanin mai shi ne ke wanke shi.

A Zangon shanu na Tudun Wada da sauran kasuwannin dabbobi, al'adar da muka gada ita ce dillali ba ya cin la'ada a banza. Shi ne ya san mai dabba, shi ya tsaya masa, idan daga baya ta tabbata ta sata ce shi ake fara kamawa ya fito da wanda ya kawo. Haka ya kamata dillalin babur ya zama, kuma nagartattun cikinsu haka suke: suna da rumfa sananniya, suna da shugabanni, suna da littafin da suke rubuta wanda ya kawo da wanda ya saya. Wanda nake jin tsoro shi ne dillalin waya, mai sa hoto a Facebook ko Jiji ko zaurukan WhatsApp, ba rumfa ba maƙwabci. Ban ce duk na intanet macuta ne ba, ana samun kaya masu kyau a can. Amma kada ka tura kafin alƙalami a kan hoto, kada ka je ganin babur kai kaɗai da kuɗi a jiki, kuma kai za ka zaɓi wurin haɗuwa, da rana, cikin mutane.

In an daidaita, a rubuta. Abin mamaki ne yadda muke jin kunyar takarda a tsakaninmu, kamar neman a rubuta zargi ne, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka. Takardar ba sai lauya ya tsara ta ba, ko da Hausa aka yi ta wadatar: cikakken sunan mai sayarwa da mai saye da adireshinsu da lambar katin ɗan ƙasa, samfurin babur da launinsa, lambar firam da ta inji da ta gwamnati in akwai, farashi, rana har da lokaci, da furucin mai sayarwa cewa nasa ne, ba bashi a kansa, kuma idan wata magana ta taso shi zai amsa ya mayar da kuɗi. Shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu, dillali ma ya sa. Idan mai unguwa ya sa nasa hatimin, ya fi. A ɗauki hoton mai saye da mai sayarwa tsaye da babur ɗin. Kuɗi kuma a tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa, ba na ƙaninsa ko na mai POS ba, domin wannan shaida ce da ba ta jiƙewa. Shi ma mai sayarwa ya buɗe asusunsa ya ga kuɗi sun zauna kafin ya miƙa makulli, saboda alat na bogi ya yi yawa.

Ban raina duba inji ba, na dai ajiye shi a inda ya dace. Ka zo da bakaniken da kai ka ɗauko, wanda ba ya cin la'ada a cinikin. Ka nemi a bar maka babur ɗin a sanyaye, da safe, domin injin da aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar da bai kamata ba. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce yana shan baƙin mai, fistin da zobe sun tafi. A zare ma'aunin baƙin mai a duba, wasu kan zuba mai kauri sosai don ya danne ƙara. A duba kusoshin inji, waɗanda aka sha kwancewa kawunansu sun cinye. Ka hau ka sassauta riƙon kai kaɗan a miƙaƙƙiyar hanya, in yana janka gefe ɗaya to firam ko ƙafar gaba ta taɓa lanƙwasa a hatsari. Kada ka yarda da abin da mita ta nuna, ana cire wayarta ana kuma mayar da ita baya. Matakin ƙafa da ya siɗe da kujerar da ta lotsa sun fi ta faɗin gaskiya, musamman a babur ɗin da ya yi achaɓa. Taya da batir da sarƙa da birki abubuwan sauyawa ne, a lissafa kuɗinsu a rage a farashi. Shi kuma mai sayarwa ya ji tsoron Allah ya faɗi aibin da ya sani, domin a shari'a mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa.

Daga nan sai a nufi ofishin rajistar ababen hawa, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Kaduna, a sauya sunan mallaka, ko a yi sabuwar rajista idan ba a taɓa yi ba. Wannan ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa, kuma a Kaduna tsallake shi ganganci ne. Gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta haramta achaɓa a cikin birni da wasu manyan garuruwa a watan Mayun 2014, shekara guda da 'yan watanni bayan Kano ta yi haka a Janairun 2013. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta hana hawa babur kwata-kwata, na haya da na gida, har tsawon wata uku, lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar. Tun daga nan abin ya zama a matsa yau a sassauta gobe. Duk ranar da aka matsa, jami'an hukumar kula da dokokin hanya ta jihar, KASTLEA, da 'yan sanda kan kwashi babura da yawa, kuma wanda ke da takardu da sunansa shi ke da bakin zuwa ya karɓo nasa. Wanda ke shirin saye don ya yi haya ya sa wannan tarihin cikin lissafinsa tun kafin ya ci bashi.

Sauya suna kariya ce ga mai sayarwa ma, ta wani fannin har ta fi. Idan babur ya bar hannunka da lambarka da takardunka, aka je aka yi fashi da shi ko aka buge wani aka gudu, rajista kai za ta nuna. Kada ka bar mai saye ya ce zai yi daga baya, ku tafi tare a ranar.

Sauran abubuwan ba su da tsada kamar yadda ake zato. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, naira 3,000 ce a shekara ga babur bisa farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa ta sa daga 1 ga Janairun 2023, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan ɗaya. Ba ta biyanka idan an sace naka, wannan wata inshorar ce daban. 'Yan sanda sun fara tsananta bincikenta a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025. A saya daga kamfani mai rajista, a kuma duba a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ke intanet a ga ta shiga, domin takardun bogi sun fi na gaske yawo a bakin ofisoshi. Lasisin tuƙa babur shi ne rukunin A, kuma sai mutum ya kai shekara 18. Hular kwano ta zama dole tun 1 ga Janairun 2009, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai inganci tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 70 cikin 100. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a sashen haɗurra na Asibitin Barau Dikko ba ya buƙatar a ja masa wannan zancen. Ka ware kuɗinta daga cikin kuɗin babur tun farko.

Hukuma ma tana da nata kason. Mutane na gudun rajista ne saboda suna ganin za a yi ta kai su ana kawo su, ga 'yan tsakiya da ke ninka kuɗi. Da za a manna farashin rajista da na sauya suna a bango da Hausa, a riƙa kai teburin rajista wuraren da ake cinikin babura a wasu ranaku, a kuma wajabta wa kowane dillali littafin shiga da fita wanda shugabannin kasuwa da ƙungiyar masu babura ta ACOMORAN za su sa wa ido, da ɓarawo ya rasa inda zai kai kaya cikin sauƙi. Wannan bai kai hana hawa babur tsada ba, kuma ba ya hukunta mai gaskiya da laifin ɗan ta'adda.

Kai kuma da ka riga ka saya, babur yana ƙofar gidanka yanzu babu takarda ko da sunan wani, lokaci bai ƙure maka ba. Ka fita yau ka kwafi lambar firam da ta inji, ka ajiye a waya da kuma a takarda a cikin gida. Ka nemi wanda ya sayar maka tun yana inda ka san shi, ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, ku je a mayar da rajista sunanka. Idan kuwa ka duba ka ga an taɓa lambar, kada ka tura wa wani shi da araha don ka tsira. Ka ɗauki mai unguwarku ko lauya, ku kai maganar wurin 'yan sanda da ƙafarku.